Mariri ya koma daji

A hawan Sallar da ya wuce ina tsaye da ɗiyata Hauwa'u kusa da ƙofar fadar Zazzau, mahaya suna wucewa, sai ta nuna wata tsohuwar garkuwa a hannun wani dattijo ta ce, “Baba, fatar mene ce wannan?” Na gaya mata abin da kakana ya taɓa gaya mini, cewa a zamanin yaƙi garkuwar da aka fi ji da ita ita ce ta fatar mariri, wanda wasu ke kira warwaji. Ta ce mene ne kuma mariri? Nan na tsaya, domin ni kaina a hoto kawai na san shi.

Dabba ce fara, wuyanta ja-ja, ƙahonninta dogaye sun lanƙwashe baya kamar takobi. Tana iya yin watanni ba ta sha ruwa ba, ɗanyar ciyawa ta ishe ta. A da garke-garke take yawo a bakin Sahara, daga Muritaniya har Sudan, da Nijar da Chadi a tsakiya. Sai ga mafarauta da mota da bindiga, ga fari, ga yaƙin Chadi. A shekarar 2000 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya mariri cikin dabbobin da suka ƙare a daji.

Abin da ya hana irinsa ɓacewa gaba ɗaya shi ne gidajen zu. A shekarun 1960 an kama wasu 'yan kaɗan a Chadi aka kai Turai da Amurka, kuma yawancin waɗanda ke raye yau jikokinsu ne. Wannan aikin ne ya fi burge ni, don aiki ne na haƙuri da ba a tafa wa. Kowace dabba da lambarta, an rubuta uwarta da ubanta a littafin asali. Idan jini ya yi kusa sai a ɗauki namiji daga wannan gari a kai wancan, kamar yadda Bafulatani kan nemo bijimi daga wani garke. Haka aka yi ta yi shekara kusan hamsin.

A 2016 aka ɗauko guda 25 a jirgin sama daga Abu Dabi, inda aka tara garke daga wurare daban-daban, aka sauke su a gandun dajin Ouadi Rimé-Ouadi Achim da ke tsakiyar Chadi. An fara tsare su cikin shinge su saba da iskar wurin, da damina ta kankama aka buɗe musu, da na'ura a wuya ana bin sawunsu ta tauraron ɗan'adam. A shekarar aka samu haihuwar farko. Zuwa Disambar 2023 an haifi sama da 500 a daji, IUCN kuma ta cire mariri daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji.

Ɗan'uwansa maririn ƙasashen Larabawa ma haka ya sha. An fara kiwonsa a gidan zu na Phoenix a Amurka tun farkon shekarun 1960, ya ƙare a daji a 1972, aka mayar da shi Oman a 1982.

Ina firamare a Tudun Wada aka kai mu gidan zu na Kano, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako. Ranar na fara ganin zaki ido da ido, kuma har yau ina jin gurnaninsa a ƙirjina. Don haka ba na raina nuna wa jama'a dabbobi, yaron da ya ga dabba da idonsa ba ya mantawa. Amma a ganina gidan zu ya fi cika sunansa ranar da aka haihu a cikinsa. A nan Samaru muna da tsangayar likitancin dabbobi, muna yaye masana duk shekara, ga gwanki da jimina da barewa suna ja da baya a dazuzzukanmu. Ina fatan in ga ranar da za a haɗa waɗannan masana da garke da littafin asali.

Da muka dawo gida na buɗe wa Hauwa'u bidiyon sakin mariri a waya. Ta kalla sau uku, sannan ta tambaye ni kwana nawa ake yi daga Zariya zuwa Chadi a mota.