Yadda Muka Damƙa wa Matasan Makarantarmu Ragamar Aikin Gayya a Nima

Ina koyarwa a wata makarantar Islamiyya a Nima, cikin birnin Accra, kuma ɗalibaina na babban aji yara ne masu shekara 13 zuwa 18, waɗanda suke zuwa boko a ranakun mako, su zo wurinmu Asabar da Lahadi. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a Ghana, muna koya wa yaro ladabi da biyayya, abin yabo ne kuwa, amma ba kasafai muke damƙa masa wata amana ta gaske ba har ya girma. Sai ya cika shekara 18, dokar Ghana ta ba shi ikon jefa ƙuri'a, alhali bai taɓa jan ragamar komai ba, kuma sau da yawa wanda yake fara ba shi muƙami ɗan siyasa ne mai neman ƙarti a lokacin zaɓe. Rikicin zaɓen cike gurbi na mazaɓar Ayawaso West Wuogon da ke Accra a Janairun 2019, wanda ya sa majalisa ta kafa dokar haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa a wannan shekarar, ya nuna wa kowa inda wannan hanya take kaiwa.

Na yanke shawarar cewa wa'azi a kan shugabanci ba zai wadatar ba, don yaran sun haddace hadisin da ya ce dukkanmu makiyaya ne kuma za a tambayi kowa abin da aka ba shi kiwo, sai dai ba a taɓa ba su kiwon ba. Aikin da na zaɓa musu shi ne yashe kwatar layinmu kafin ruwan Mayu da Yuni ya sauka. Ban sha wahalar bayyana muhimmancinsa ba, domin duk wanda ya zauna a Accra ya san abin da ya faru ranar 3 ga Yunin 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a dandalin Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. Ruwan babbar kwatar Nima cikin kogin Odaw yake zuba, ledar da muka jefa a ƙofar gida kuwa can take tafiya ta toshe hanya. Iyayensu ma ba su manta da annobar kwalara ta 2014 ba, wadda ta sa gwamnati ta ware Asabar ta farko a kowane wata domin tsaftar muhalli.

Su da kansu suka zaɓi shugaba da ma'aji da magatakarda da mai kula da kayan aiki. Sharaɗin da na gindaya shi ne ba zan riƙe musu ko kobo ba, kuma ba zan yi magana a madadinsu a gaban manya ba. Wannan na biyun ya fi ba su tsoro, domin a al'adarmu yaro ba ya buɗe baki inda dattawa suke zaune. Na raka su gidan mai unguwa, na gaishe shi, na koma gefe na yi shiru. Shugaban nasu, yaro mai shekara 16, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka, muna so mu yashe kwata daga bakin masallaci zuwa mahaɗar titi." Muryarsa tana rawa, amma ya kai ƙarshen maganarsa, dattijon kuwa ya yi masa tambayar da ba su shirya mata ba, wato ina za su kai dattin bayan sun fito da shi. Kowa a nan ya san yadda ake tara laka a bakin kwata a bar ta, ruwan farko ya mayar da ita ciki. Yaran suka dube ni, ni kuma na ci gaba da kallon tabarma. Suka tashi ba amsa, suka yi mako suna bincike, har suka yi ciniki da mai aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku da ke kwasar shara, suka koma da farashi a rubuce. Da na amsa musu a ranar, da mai unguwa ya ci gaba da kallon aikin a matsayin nawa, su kuma 'yan aike.

Inda na fi ganin amfanin abin shi ne wajen kuɗi. Ma'ajin yarinya ce mai shekara 15, ba ta da yawan magana, kuma wasu daga cikin samarin ba su so aka zaɓe ta ba. Ta sayi littafi mai layi, ta raba shafi biyu, shiga da fita, duk wanda ya ba da gudummawa ko ta hannu ko ta momo, wato tura kuɗi ta waya, sai ta rubuta sunansa da rana. Bayan an gama aiki, muka tara iyaye a farfajiyar makaranta bayan la'asar domin ta karanta lissafi: shebur, safar hannu, ruwan leda, kuɗin mai aboboya, koko da ƙosai na masu aiki. Da ta haɗa jimla, sai ta ce sidi 15 ba su shiga lissafi ba. Ba wanda ya san da giɓin sai ita, kuma da ta so ta rufe shi da ba a gane ba. Wuri ya yi tsit, sai mai kula da kayan aiki ya miƙe ya ce, "Malam, ni na karɓa na sayi igiya, ban kawo mata rasit ba." Wata dattijuwa da ta ba da gudummawa ta ce wa yarinyar, "'Yata, Allah ya yi miki albarka, baɗi ki fara zuwa wurina." Tun daga ranar ban sake jin wani saurayi ya yi ƙorafi a kan muƙaminta ba.

A ganina, wannan tsayuwa a gaban jama'a domin ba da bayani ita ce zuciyar tarbiyyar shugabanci, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Muna yawan zaɓar yaro mai baki da ƙarfin murya mu ce shi ne shugaba, alhali wanda ake iya dogara da shi sau da yawa shi ne mai zuwa da wuri, mai tuna inda aka ajiye shebur, mai iya zuwa wurin mai koko ya ce, "Mma, don Allah ki ɗan matsar da teburinki zuwa azahar," ba tare da ya ɓata mata rai ba. Nakan kawo musu misalin Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya ziyarci cocin Katolika a Accra a 2019 lokacin cikarsa shekara 100, kuma girmansa a idon 'yan Ghana bai taɓa dogara da ɗaga murya ba.

Akwai matsalolin da dole mai son yin irin wannan ya lissafa da su. Masu shirin jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare ba a ɗora musu nauyi a watannin da take gabatowa, in ba haka ba iyaye za su janye 'ya'yansu, kuma suna da gaskiya. Haka nan tun da aka fara karatun babbar sakandare kyauta a 2017, yaranmu da yawa suna tafiya makarantun kwana a wasu yankuna, sai ka ga wanda ka horar ya bar unguwa da zarar ya fara ƙwarewa. Saboda haka muka mai da wa'adin kowane muƙami damina ɗaya, kuma kowane mai muƙami yana da mataimaki daga cikin ƙananan ɗalibai wanda yake bin sa duk inda ya je. Wannan tsari ya sa yanzu yara masu shekara 13 suke halartar ciniki da mai aboboya, su ne kuma za su gudanar da shi baɗi. Shugabannin bana sun kawo shawarar a faɗaɗa aikin zuwa rabon abincin buɗa-baki a watan azumi, na ce musu su rubuto kasafi da sunayen waɗanda za su ɗauki nauyin kowane ɓangare kafin mu je wurin limamin masallacinmu.