Neman aceke da man zaitun a Damagaram

Yayana ya daɗe a Abijan. A unguwar Ajame yake kasuwancinsa, can ya yi aure, can aka haifi ƴaƴansa duka. Da ya tattaro iyalinsa ya dawo gida Tanut kowa ya yi murna, amma ba a jima ba Inna ta lura yaran suna ramewa. Lafiyarsu lau, bakinsu ne bai saba da tuwon hatsi da miyar kuka ba, fura ma sai an lallashe su. Uwarsu Bajula ce, wato ƴar ƙabilar Jula, mai kawaici, ba ta ce wa kowa uffan ba, sai da na tambaye ta da kaina ta ce, "Malam, da za a samu aceke da manja mai kyau, da ka ga cin abinci." Aceke abincin rogo ne na Kodebuwa mai kama da kuskus. Ita kuma Inna ta daɗe tana son man zaitun na gaske, ga azumi ya ƙarato ana neman dabino. Na rubuta komai a takarda, na shirya sai Damagaram.

Da asuba muka bar tasha. Tafiyar kusan kilomita 150 ce, ƙasa shimfiɗe, sai ƙaya da garken raƙuma jefi-jefi. Wajen Bakin Birji muka wuce matatar man SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 da haɗin gwiwar Sinawa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya nuna ta da haɓa ya ce, "Su ma waɗannan ai ba tuwo suke ci ba, kowa da abin da uwa tasa ta saba masa." Abin da ya fi jan hankalina shi ne kamiyo-kamiyon da muke riska a hanya, sun taso daga Agadas an lafta musu kaya har suna rangaji. Rabin abin da ke takardata yana cikin irin waɗannan motoci.

Damagaram ta san baƙi tun kafin a haifi kakanninmu. Unguwar Zango ma masaukin ayari ce tun asali, inda fataken da suka keto sahara suke sauke kaya a wajen ganuwar Birni, kuma garin ne babban birnin Nijar har 1926 da Faransawa suka mayar da mulki Yamai. Sai dai duk wanda ya shigo yana zaton zai ga kanti guda da allo an rubuta "abincin ƙasashen waje", zai sha yawo. Kayan a warwatse suke, kowane iri yana hannun mutanen da suka san hanyar da yake biyowa.

Na fara da butik-butik ɗin da ake kira alimantasiyo, masu firigo da kaya jere a kanta: mayonez, mutar, wake na gwangwani, cukun La Vache qui rit, Nescafé, biskit iri-iri. Nan ma'aikata da ɗaliban jami'ar André Salifou suke sayayya. A nan na samu man zaitun, kuma yaron shagon ya yi mini abin kirki. Da na ɗauki kwalba mai araha sai ya ce, "Malam, juya bayanta ka karanta." Ashe gauraye ne, zaitun kaɗan, sauran wani mai ne daban. Ya miƙo mini wata ƙarama mai duhun kwalba, ta Tunisiya, tatsar farko. Kuɗinta zai sayi tiyar hatsi da dama, amma ita na ɗauka. Na kuma duba ranar lalacewar kowane gwangwani, domin kayan da ba a saye kullum suna daɗewa a kanta, ga zafin garinmu.

Ranar Alhamis ce, ranar da kasuwa ke cika, don haka na nufi Kasuwar Dole. A nan ne na ji daɗin tafiyar. A rumfunan masu kayan arewa, buhunan makaroni da kuskus na Aljeriya sun kai rufi, ga madarar Lahda, ga kifin tuna da tumatirin gwangwani, ga harisa, yajin nan na Larabawa mai kauri, ga koren ganyen shayi na Sin da ba a raba Buzu da shi. Wani Alhaji mai rawani ya zaunar da ni a tabarma, ya zuba mini shayi, ya ɗebo dabino iri biyu ya ce in ɗanɗana. Na farko busasshe ne mai ƙarfi, na Kawar, wajen Bilma da Jado, irin wanda ake dakawa ko a jiƙa. Na biyu diglat nur ne na Aljeriya, yana nan a jikin reshensa, mai laushi, kana ɗaga shi ga rana kana hango ƙwallon ciki. Ya lissafa mini hanyarsa da yatsu: Tamanrasat, In Gezam, Asamaka, Arlit, Agadas, sannan nan. Na Libiya kuma ta Sabha da Dirku yake biyowa. "Ka sayi na Kawar don gida, yana shekara bai yi komai ba," in ji shi. "Wannan mai laushin na Hajiya ne, na buɗa-baki." Haka na yi.

Manja na hannun matan kudu, Yarabawa da Ibo, waɗanda kayansu ke shigowa daga Kano ta Daura da Matamai. Wadda na saya wurinta ta ɗiga mini a tafin hannu ta ce in lasa, in kuma murza in gani, don akwai masu zuba masa rini ya ƙara ja. Bandar kifi kuwa ta Difa ce, ba ta yi wuyar samu ba.

Aceke ne ya ba ni wahala. Masu shago da yawa gari suke miƙo mini, tunda duka daga rogo ake yin su, alhali aceke sai an tsima rogon, an matse, an murje shi tsaki-tsaki, sannan a turara. Wani ɗan kabu-kabu da ya taɓa ci-rani a Kodebuwa ne ya gane nufina. Ya ce shi ma garba ya sayar a can, wato aceke da soyayyen tuna, sana'ar da ƴan Nijar suka yi suna da ita a Abijan. Ya kai ni Sabon Gari, wani gida da ba allo ba alama, inda wata mata da kowa ke kira Tanti take suyar kifi da yamma.

Da na gaya mata don wa nake nema, sai ta ajiye matsami ta tambaye ni shekarun yaran ɗaya bayan ɗaya. Ta ce nata aceken ta motar Yamai yake zuwa, tafiyar kusan kilomita 900 bayan wadda ya riga ya yi daga bakin teku, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, jira ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Ɗanyen da ke firigonta ta hana ni. "Ƙanena, kafin ka kai Tanut ya yi tsami, kuma in kuran ya ɗauke ka yi asara." Ta ɗauko mini busasshe na leda, ta nuna mini yadda za a yayyafa masa ruwa, a bar shi ya sha, a turara a madambaci. Ayabar aloko, wato wadda ake soyawa, ita ma ta ce in bari sai sanyi ya shigo, wadda ke kasuwa yanzu ta nuna da yawa.

Ta karɓi lambar matar yayana, suka yi magana da Julanci har suna dariya. Muka shirya duk lokacin da kaya suka iso za ta ɗaure mana namu, ta ba direban Tanut a tasha, ni kuma in aika mata kuɗin ta waya.