Kafin ka sayi na'urar maimaita numfashi ta nutso

Ƙannena masu sha'awar nutso, kuskuren da ni da da yawa daga cikin sa'o'ina muka fara tafkawa shi ne sayen ribirida, wato na'urar maimaita numfashi, tukuna, daga baya muka shiga neman wanda zai koya mana ita. Kada ku bi wannan hanya. Horon ribirida na kowane samfuri daban yake. Shaidar da aka ba ka a kan Inspiration ta kamfanin AP Diving ba ta ba ka izinin nutso da JJ-CCR ko rEvo ba, sai ka sake zama an yi maka horon sauya na'ura. Saboda haka malami ake fara nema, wanda shi kansa da irin wannan na'urar yake nutso a kai a kai, sannan a tambaya inda za a riƙa samun kayan gyaranta da wanda zai yi mata sabis. Na'urar da za ta yi wata uku a ajiye tana jiran wayar da ta tsinke ba ta yi maka araha ba, ko nawa ka saye ta.

Sai ka san abin da kake shirin goyawa a baya. A nutso irin na kowa, ka shaƙa daga tukunya ka fesar cikin ruwa, shi ke nan ta tafi. Wanda ke shan lita 20 a minti a saman ruwa, idan ya kai mita 30 lita 80 yake sha, domin matsi ya ninka huɗu. Amma jikinsa ba ya ƙona fiye da kimanin lita ɗaya ta oksijin a minti in ba aiki mai nauyi yake yi ba, ko a wane zurfi yake. Ribirida wannan asarar take tarewa. Numfashin da ka fitar yana bi ta mesa ya shiga jakar numfashi, ya ratsa matata mai cike da tsakuwar soda laim wadda ke kama kabon dayoksaid, a ƙara masa oksijin daidai abin da jiki ya ƙona, ya dawo bakinka da ɗumi da laima. Tukwane biyu ne ƙanana, galibi lita 2 ko 3 kowacce: ɗaya zallar oksijin, ɗaya iskar sirki da ke cika jakar idan matsi ya matse ta. Tukunya mai lita 3 da aka cika da matsin bar 200 lita 600 ce ta oksijin, wato awanni masu yawa. Ba kumfa, ba ƙara, kifi ba ya gudunka. Abin da ke jan mutane ke nan.

Ga ɗaya gefen kuma. Idan kayan nutso na yau da kullum suka lalace, nan take za ka sani: ka ja iska ta ƙi zuwa, ko ta riƙa ɓulɓula. Ribirida kuwa tana iya lalacewa kana ci gaba da numfashi lafiya lau, jaka tana cika tana motsi, alhali abin da ke cikinta ba zai riƙe rai ba. Wani nazari da likita Andrew Fock ya fitar a 2013 ya bi diddigin mutuwar mutum 181 masu nutso da ribirida tsakanin 1998 da 2010, kuma ya ƙiyasta cewa haɗarinta ya ninka na nutson yau da kullum sau da yawa. Mafi yawan abin da ke kashe mutane ya taru a abu uku: oksijin ya yi kaɗan, oksijin ya yi yawa, ko kabon dayoksaid ya taru.

Lambar da rayuwarka ke rataye a kanta ita ce matsin oksijin a cikin zagayen numfashi, wato hanyar da iska ke bi daga baki ta mesa, jaka da matata ta dawo baki. Iskar da muke shaƙa a tudu 0.21 ce. Ƙasa da 0.16 hankali ya fara dushewa, wajen 0.10 mutum ya suma, kuma ba ya jin wata shaƙewa da za ta gargaɗe shi. Sama da 1.6 kuma ana fuskantar jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda a cikin ruwa ƙarshenta bakin mesa ya suɓuce mutum ya sha ruwa. Shi ya sa ake saita na'ura a kan 0.7 a saman ruwa da lokacin sauka, a mayar da ita 1.2 ko 1.3 a ƙasa. Sauka da sauri tana harba lambar sama. Hawa kuma yana faɗar da ita, domin matsi na raguwa. Abin mamaki, wurin da ƙarancin oksijin ya fi cin mutane shi ne saman ruwa ko 'yan mitoci kaɗan: mutum ya sa bakin mesa ya faɗa ruwa bai buɗe tukunyar oksijin ba, ko bai kunna kwamfutar na'urar ba, yana iyo zuwa igiya yana ƙone ɗan abin da ke cikin jaka. Dubi agogon hannunka mai nuna wannan lamba kowane minti ɗaya zuwa biyu, kuma ka saba da karanta fitilar gargaɗin na'urar da ke gaban idonka har ya zama ba sai ka yi tunani ba.

Wannan lamba ma'aunai uku ne ke ba da ita, ƙananan sel masu aiki kamar batir, waɗanda oksijin ke cinyewa a hankali ko ana nutso da su ko suna ajiye. A nan na fi son ku tsaya, domin a nan ne na daɗe ina ganganci da sunan tattali. Lafiyayyen sel yana ba da kimanin milibolt 10 a iskar tudu, a zallar oksijin kuma ya ninka haka sau 4.76, wato wajen 47 zuwa 48. Rubuta waɗannan lambobi a littafi duk ranar da ka haɗa na'ura, domin sauyinsu daga mako zuwa mako ya fi lambar rana ɗaya faɗin gaskiya. Muguntar tsohon sel ita ce yana iya cin jarrabawar tudu sumul, amma ya kasa wuce wani mataki a ƙarƙashin ruwa. A ce ƙarfinsa ya tsaya a 1.2, kai kuwa ka saita 1.3. Kwamfuta za ta ga kullum ba a kai ba, ta yi ta buɗe bawul tana zuba oksijin, agogo na nuna maka 1.2 alhali abin da kake shaƙa ya haura 2. Kwamfutar kuma ƙuri'a take bi: idan biyu suka yarda da juna, sai ta yi watsi da na ukun. To idan biyun nan tsofaffi ne da aka saya rana ɗaya daga rukuni ɗaya, tare za su gaji, su haɗu su kayar da mai gaskiyar. Don haka kada ka canza ukun lokaci guda, ka riƙa sauya su bi da bi, kuma kada ɗaya ya wuce wa'adin da kamfanin na'urarka ya yanka, wanda galibi shekara ɗaya ce zuwa wata 18. Gwaji biyu ne ke tona asirinsu. A mita 6, wanke zagayen da zallar oksijin, ya kamata su kusanci 1.6. A ƙasa kuma, idan ka ga sun saɓa, wanke da iskar sirki: in iskar tudu ce kuma kana mita 30, amsa 0.84 ce, wanda ya nuna haka shi ne mai gaskiya.

Matata kuma ba ta son gaggawa. Yawancin na'urori suna cin kimanin kilo 2.5 na soda laim, kuma wa'adin da ake ba su ya kan kama wajen awa uku, gwargwadon samfuri, zurfi da sanyin ruwa. Ruwan sanyi da aiki mai nauyi suna rage shi. Zuba tsakuwar kashi kashi, kana bubbuga gefen gwangwanin da tafin hannu har ta zauna, ka ƙara, ka sake bubbugawa, har in ka girgiza shi kusa da kunne ba ka jin motsi. Idan ta yi sako-sako, numfashi zai haƙa wa kansa hanya ɗaya ya riƙa wucewa ba a tace shi ba. Haka nan zoben roba guda da aka manta, ko gashi ɗaya da ya kwanta a kansa. Kada ka zazzage tsakuwar da aka yi amfani da ita ka sake zubawa, domin ka gauraya matacciya da mai rai. Kada kuma ka dogara da canjin launin da wata irin tsakuwar ke yi idan ta ƙare, yana komawa bayan an ajiye ta. Rubuta mintocin da ta yi a jikin gwangwanin.

Ana koya mana mu yi numfashi a na'ura na minti biyar kafin shiga ruwa, hanci a toshe, ido a kan agogo. Ka yi, domin yana nuna maka oksijin a buɗe yake kuma na'ura tana riƙe lambar da aka saita. Amma kada ka ɗauka ya wanke matatarka. A wani gwaji da aka buga a 2015, wanda Simon Mitchell ke cikin masu yinsa, mutum 2 kacal cikin 20 suka gane matsala lokacin da matatar ke yoyo, kuma ko da aka cire ta gaba ɗaya, 5 cikin 20 sun kammala minti biyar ɗin ba su lura ba. Tsaron matata yana wurin haɗa ta. Alamomin kabon dayoksaid a ruwa su ne haki, ciwon kai, firgici marar dalili da rikicewar tunani, kuma mai hakin yakan kasa cire bakin mesa ko na daƙiƙa biyu don ya canza. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin bakin mesa mai makunnin da ke juya ka kai tsaye zuwa iskar tukunya ya cancanci kuɗinsa, tare da maɗaurin da ke riƙe shi a baki ko mutum ya suma. Zurfi ma yana da hannu a ciki: iska na yin kauri, kuma masana suna ba da shawarar kada kaurinta ya wuce giram 5.2 a lita, iyaka 6.2. Iskar tudu tana kai na farkon tun wajen mita 30. Daga nan iskar hiliyom, wadda ba ta da kauri, ake sirkawa.

Haɗa na'ura da takarda ake yi, ana bi layi layi ana sa alama, ko ka haɗa ta sau ɗari biyu. Wanda ya ƙware ya fi sabon shiga tsallake layi, domin yana ganin ya haddace. A ciki akwai duba ƙananan bawul biyu na bakin mesa da ke tilasta wa numfashi bin hanya ɗaya, gwajin hura zagayen ya cika a ga ko zai sace, gwajin zuƙe shi ya motse a ga ko iska za ta shiga, auna abin da ke cikin tukwane biyun, da daidaita ma'aunai. Tukunyar oksijin a hankali ake buɗe ta, kuma maiƙon da ba na oksijin ba kada ya kusance ta, gobara yake haifarwa. Idan waya ta katse ka a tsakiya, koma farkon sashen. Idan wani gwaji ya faɗi a bakin ruwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Horon farko yakan ɗauki kwana biyar zuwa shida a ƙungiyoyin horon nutso irin su TDI da IANTD, da iskar tudu a matsayin sirki, iyaka mita 30 ko 40. Matakin mita 60 da na mita 100 suna gaba, kuma TDI tana neman awa 50 a nutso 50 kafin na 60. Shirya wa kunya a kwanakin farko. Duk gwanintarka ta daidaita jiki da huhu ta tashi a banza, domin iskar da ka fitar tana cikin jaka a jikinka, nauyinka a ruwa bai canza ba. Za ka riƙa dukan ƙasa kana tashi sama kamar ɗan koyo. Maganinsa shi ne ka bar iska a zagayen daidai numfashi ɗaya cikakke, ka zagaye dutse maimakon ka haura shi, domin kowane hawa da sauka ɓarnar iska ce. Kuma kafin bakin mesa ya bar bakinka, ko a saman ruwa, rufe shi. In ka bar shi a buɗe ruwa zai cika zagayen, na'ura ta yi nauyi ta ja ka ƙasa, ruwan da ya taɓa soda laim kuma ya zama kanwa mai ƙona baki da maƙogwaro. Wanda ya yi nutso dubu da kayan yau da kullum, ranar da ya goya ribirida nutsonsa ɗaya ne. Ka yi awanninka na farko a ruwa marar zurfi, ba kyamara a hannu, ba kogo.

Wajen saye, duba ko na'urar ta cika ma'aunin Turai na EN 14143, wanda ke gwada wahalar numfashi da juriyar matata a ruwa mai sanyin digiri 4. Akwai mai kwamfuta da ke zuba oksijin da kanta, akwai ta hannu irin KISS wadda ke ɗigo da shi kaɗan kaɗan kai kana cikawa. Ta farko tana sa lalaci, ta biyu tana ƙara aiki, kowacce da masoyanta. Wadda wani ya riga ya yi amfani da ita ba laifi ba ce idan malaminka ya duba ta kafin ka biya, aka ga takardun sabis, kuma ka sa a ranka cewa ma'aunai, zobban roba da batir duk sababbi za ka saka. Lissafa abin da za ta riƙa ci bayan saye: soda laim, sel uku duk shekara, oksijin, maganin wanke mesa da jaka bayan nutso, da sabis.

Kada kuɗin ya ƙare ba ka sayi tukunyar tsira ba, wadda kake rataye a gefe da nata bakin shaƙa. Lissafinta da numfashin mai firgici ake yi. Wanda kabon dayoksaid ya buga yana iya shan lita 40 a minti ko fiye, a mita 30 lita 160 ke nan. Tukunya mai lita 11 a kan bar 200 lita 2,200 ce, ba ta kai minti 14 ba a wannan zurfin, kuma a ciki za ka huce, ka hau a hankali, ka yi duk tsayuwar rage matsi da kwamfuta ta ɗora maka, wato dakatawar da ake yi a hanyar hawa don jiki ya fitar da iskar da ya tsotsa a zurfi. Idan lissafin bai kai ka saman ruwa da saura ba, rage zurfin ko ka ƙara tukunya. A kowane nutso, kafin ka bar mita 6 na farko, zaro bakin shaƙarta ka ja numfashi biyu ko uku, ka tabbatar a buɗe take kuma hannunka yana kai wa gare ta ba tare da ka duba ba.