Akwatin kifi mai lita 20 a shagon cajin waya

A makonnin farko, duk wanda ya kawo caji shagona sai ya leƙa akwatin gilashin da ke gefen kanta, ya ga ruwa da yashi da ganyaye, ya ce, "To Malam, ina kifin?" Baba mai goro, maƙwabcina, bai ma tsaya tambaya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, wannan randa taka ta yi tsada." Kifin bai shigo ba sai da aka yi fiye da wata guda, kuma da gangan na yi hakan.

Kifi yana fitar da amoniya ta kashinsa da ta wuraren da yake numfashi, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama. A kogin Haɗeja wannan ba komai ba ne, ruwa da yawa, kuma tafiya yake. A lita 20, wato jarka guda ta 'yan garuwa, kwana kaɗan ya isa ta zama guba. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani. Kashi na farko su mayar da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce, tana hana jinin kifi ɗaukar iska. Kashi na biyu su mayar da naitirait naitiret, ita kuwa da sauƙi, tsirrai na shanye wani abu daga cikinta, sauran a rage ta da canjin ruwa. Irin aikin da ƙasar gona take yi wa takin tumaki ne kafin gero ya amfana da shi. Ƙwayoyin nan a jikin soson tace ruwa da yashi da duwatsu suke manne, ba yawo suke cikin ruwa ba, kuma a hankali suke yaɗuwa. Sabon akwati yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su wadata.

Abin da na yi a lokacin jiran ba shi da wuya. Kullum ina jefa ɗan tsunkule na abincin kifi a ruwan da babu kifi, ya ruɓe, ƙwayoyin su samu na ci. Ina auna ruwan da 'yan kwalaben gwaji da na aiko aka sayo mini daga Kano: a ɗiga magani a ɗan ruwa, a girgiza, a gwada launin da na jikin kati. Amoniya ce ta fara tashi. Da ta soma sauka sai naitirait ta hau, kwalbar ta yi shunayya, ta kuma daɗe a haka har mutum ya fara zargin maganin gwajin. Ranar da duka biyun suka koma sifili, naitiret ta bayyana, a nan akwati ya nuna. Wani abokina mai kiwon tarwada ya ce in zo in matso ruwan sosonsa don abin ya yi sauri. Gaskiya ne yana saurin, amma ban karɓa ba, don tafkin tarwada ba a rasa cuta a cikinsa.

Yawancin bidiyon da ake gani a YouTube an yi su ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, damuwarsu kuma sanyi ne. Mu nan tsakanin Jahun da Kiyawa tamu matsalar daban. Matatata soso ce kawai da ɗan famfon iska mai amfani da USB, wanda ba ya cin wutar da ta kai ta cajin waya guda. Da rana yana kan sola, da dare in sa masa fawa banki. Dole ya kwana yana aiki, domin ƙwayoyin da aka sha wahalar renonsu iska suke shaƙa, in ruwa ya tsaya cak na tsawon lokaci sai su fara mutuwa. Kuma ba a wanke soson da sabulu ko Omo. A matse shi cikin tsohon ruwan da aka ɗebo daga akwatin, a mayar.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu rana tana wuce digiri 40 a nan, shagon kwano kuwa ba sai an faɗa ba. Ƙaramin ruwa nan da nan yake ɗaukar zafi, ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai, amoniya ma ta fi dafi a cikinsa. Na sauko da akwatin ƙasa, jikin bangon da rana ba ta duka, na kafa ƙaramar fanka tana busa saman ruwan, da tsakar rana kuma in lulluɓe bayansa da jiƙaƙƙen buhun algarara. Dabarar ba tawa ba ce. Ita ce ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana tumatir da yalo, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ruwa in yana tashi sama yana tafiya da zafi. Illarta ɗaya: ruwan na ƙafewa ya bar gishirinsa a baya, don haka abin da ya ƙafe ina cike shi da ruwan sama in akwai, wanda aka tara bayan kwano ya wanku. Canjin mako-mako, kamar kashi ɗaya cikin biyar, da ruwan burtsatse nake yi. Mai ruwan famfo na birni sai ya kula da kulorin, maganin da ake sa wa ruwan don kashe ƙwayoyin cuta, mu wannan bai shafe mu ba.

Wajen tsirrai ne na fi jin daɗi, don rabinsu ba saye na yi ba. Kainuwa daga fadama na ɗebo. Ita dashen Allah ce, ba ta son yashi ba ta son taki, tana shawagi a sama, saiwoyinta suna zuƙe naitiret, ganyenta na yi wa kifi inuwa. Sai dai takan rufe ruwan ruf, duk mako sai na kwashe rabi na zubar. Badon da muke gani a tafkuna ma Turawa sayensa suke da tsada don akwatunansu, amma ya fi ƙarfin lita 20. Wanda na saya shi ne Anubias, kuma shi ma asalinsa kudancin Najeriya ne da Kamaru. Ba a binne kaurin jijiyarsa cikin yashi, ruɓewa yake. Da zaren ɗinki na ɗaure shi a jikin dutse, bayan wani lokaci ya kama da kansa. Fitilar LED ƙarama awa 6 zuwa 8 ta wadatar. In aka bari rana ta haska gilashin kai tsaye, gansakuka ce za ta cinye wurin.

Tsiron fadama ba a sa shi kai tsaye. Ana ajiye shi a bokiti daban na mako biyu ko fiye, ana canja ruwa ana dubawa. Tsutsar mazari takan ɓuya a saiwar kainuwa, guda ɗaya ta isa ta ƙarar da 'ya'yan kifi. Abin da ya fi wannan shi ne ƙananan dodon koɗi na ruwan kwance, waɗanda suke ɗauke da tsargiya. Kowa a yankinmu ya san yaran da suke fitsarin jini bayan wanka a tafki. Ina ɗibar tsiron da leda a hannu, duk dodon koɗin da na gani kuma ba ya shiga shago.

Kifin da na zaɓa gofi ne, ɗan asalin Kudancin Amurka, mai jure zafi da ruwan burtsatse. Maza zalla na saya, guda huɗu. Macen ba ƙwai take yi ba, 'ya'ya take haifa kusan duk wata, in ka haɗa su kafin ka ankara akwati ya cika. Mai sayarwar ya so ya haɗa ni da kifin zinariya, na ƙi. Girma yake sosai, ga yawan kashi, sa shi a ƙaramin akwati zalunci ne. Ranar da suka iso na bar ledarsu tana shawagi a saman ruwan kamar minti ashirin, sannan na riƙa zuba musu ruwan akwatin kaɗan-kaɗan. Abinci sau ɗaya a yini, abin da za su cinye cikin minti biyu. Yaran unguwa kuwa sai da na kafa musu doka, don kowa so yake ya jefa gutsuren biredi.

Jatan lande su suka zo ƙarshe, bayan akwatin ya ƙara kwana. Jajaye ne, irin Neocaridina, asalinsu Taiwan da China, tsawonsu bai fi santimita 4 ba. Yini suke suna tsintar yauƙin da ke jikin ganye da soso, shi ya sa sabon akwati ƙal ba ya yi musu. Sun fi kifi tsoron canjin ruwa kwatsam, don haka ɗigo-ɗigo na riƙa sa musu ruwan ta siririn bututu har fiye da awa guda. Wata safiya ɗan ƙanwata ya rugo yana cewa, "Kawu, ɗaya ya mutu!" Na duba, farar riga ce kawai, babu kowa ciki, saɓa ya yi. Ba a cire ta, su za su cinye abarsu su maido da sinadarin ƙarfin ɓawo. Macen tana ɗaukar ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta tana yi musu fifita da ƙafafu kimanin mako 3 zuwa 4. Gofi na cin jariran, amma saiwar kainuwa tana tserar da wasu.

Babban abokin gabarsu a gidajenmu maganin sauro ne. Fiya-fiya, na feshi, na kunnawa mai hayaƙi, duk an yi su ne don kashe ƙwari, jatan lande kuwa dangin ƙwari ne na kusa. Abin da ba zai taɓa kifi ba, yana iya kashe su gaba ɗaya a dare guda. Haka hannun da ya taɓa maganin feshin wake. Na daina kunna komai a shagon, na roƙi Baba mai goro in zai fesa nasa ya yi mini magana in kashe famfo in rufe akwatin da leda. Ya yi dariya, amma yana faɗa mini.

Akwai wani ɗan kifi da nake nema. Wani masani Bajamushe, Ernst Ahl, ya sa masa suna kiyawensis a 1928, daga sunan kogin Kiyawa inda aka samo shi. Kifin kududdufin damina ne: in ruwa ya ƙafe iyayen su mutu, ƙwan ya zauna cikin busasshen laka har ruwan baɗi. Masuntan da na tambaya gaiwa suka sani da wannan hali na jure fari, irin waɗannan ƙananan ba sa ko kallonsu a koma. In damina ta kankama zan bi kududdufai da ƙaramar raga. Amma sai na haɗa akwati na biyu tukuna, don ba zai bar mini jatan lande ba, kuma shi ma sabon sai ya yi nasa makonnin ba kifi.