Kifi Ba Ya Iyo da Wutsiya: Daga Kano Zuwa Wudil a Kan Keke

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na sauko da keken Babanmu daga inda aka rataye shi a zaure. Phoenix ne baƙi, mai birkin ƙarfe da kariya mai faɗi, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Cikin gari kawai nake yawo da shi, sai wata Juma'a cikin hunturu na ce bari in gwada shi zuwa Wudil, in ga kasuwar shanu, in kuma gaida gwaggona da ke aure a can. Tafiyar kilomita 40 ce da ɗoriya.

Daren Alhamis na zauna canja sarƙa, don tsohuwar ta saki. Tsakanin fil da fil a sarƙar keke rabin inci ne, wato gaɓa 24 ya kamata su ba da inci 12 cif. Da na ɗora tef a kan tawa sai na ga ta zarce, kuma irin wannan ita ke cinye haƙoran da sarƙa ke hawa a tayar baya. Sabuwa kan zo da tsawon da ya fi buƙata, sai an rage. Na ɗora fil ɗin da zan cire a kan ramin noti, na sa ƙusa na bi shi da guduma har ya fita. Na kuma kiyaye abin da na sani, cewa bakin sarƙar duka biyu dole su ƙare da siririyar gaɓa ta ciki, in ba haka ba makullin da ke haɗa su ba zai shiga ba. Shi makullin yanki uku ne: falle mai fil biyu, falle mai huda biyu, sai wani ɗan ƙarfe siriri mai baki a buɗe wanda ke riƙe su. Na danna shi da filaya, ya ce ƙas. Na kwanta ina jin kaina makaniki.

Ana idar da asuba na ɗauki hanya. Kafin Hotoro yatsuna sun ƙage, hazo ya rufe gaba, fitilun tirela sai ka ce idon mage. A Mariri har an fara sauke huhunan goro. Daga nan gari ya fara saki, gonaki suka buɗe, karan dawa a tsattsaye an jingina su. Iskar gabas tana bugun fuskata, amma sabuwar sarƙa tana tafiya sumul, ba ƙara ba tsalle.

Gab da Ladin Makole wata motar shanu ta matso ni, na sauka daga kwalta na ratsa ta cikin busasshiyar ciyawa. Ban yi taku goma ba na ji feda ta tafi fayau, ba komai a ƙarƙashin ƙafata. Saura ƙiris in daki ƙarfen gaba. Da na waiga, ga sarƙata can a ƙasa ta miƙe kamar mataccen maciji. Fallen mai fil biyu na nan maƙale, ya ɗan buɗe, sauran biyun kuwa ko sama ko ƙasa. Na tsuguna ina tona yashi ina neman abin da bai kai farcen ɗan yatsa ba. Wasu yara masu tallar gyaɗa suka taya ni, suka gaji suka tafi.

Haka na tura keke har cikin gari, sarƙa a rataye a wuyan kan keken. Ƙarƙashin wata darbejiya na tarar da dattijo mai gyara, ga famfo, ga kwanon ruwan faci, ga gwangwanin madara cike da ƙananan ƙarafa.

"Salamu alaikum, Baba, barka da hantsi."

Ya amsa, ya karɓi sarƙar ya jujjuya. "Sabuwa ce ai. Wa ya ɗaura maka?"

"Ni ne, Baba."

"To. Bakin makullin ina ka sa ya kalla?"

Na yi shiru, don ban ma san yana da inda yake kallo ba. Ya zazzage gwangwaninsa a kan buhu, ya tsinto makulli. Na farko ya mayar, ya ce na keken giya ne, siriri ne. Sarƙar keke irin nawa faɗinta kashi ɗaya cikin takwas na inci ne, ta mai giya kuwa ba ta kai haka ba, fil ɗinta ba zai fito ta ɗaya gefen ba. Da ya samu daidai, sai ya ɗaga ɗan ƙarfen nan a gaban idona.

"Duba nan, samari. Ga kai a rufe, ga wutsiya a tsage. Ka taɓa ganin kifi yana iyo da wutsiya?"

Kan da ke rufe shi ne zai fuskanci inda sarƙa ke tafiya. Idan makullin yana layin sama, kan ya kalli tayar gaba. Haka in wani abu ya goge shi, ƙara tura shi ciki yake yi. Ni kuwa na sa wutsiya a gaba, ciyawa ta samu baki a buɗe ta fisge shi.

Aikinsa abin kallo ne. Ya sassauta notin tayar baya ya turo ta gaba don sarƙa ta samu sarari. Ya haɗa bakin biyu a kan haƙoran baya, su suka riƙe masa su, ba kamar yadda na yi ta kokawa da su a iska ba daren jiya. Ya zura fil daga ciki, ya rufa falle ta waje, ya zaunar da ɗan ƙarfen a tsagin fil na farko, ya matsa da filaya har ya faɗa na biyu. Sannan ya ja tayar baya, yana taɓa tsakiyar sarƙar da yatsa har ta rage wasan da bai wuce kaurin yatsan ba, ya daidaita taya a tsakiya, ya ɗaure. Ya ɗiga mai, ya goge da tsumma, ya ce mai da yawa a hunturu ƙura yake tarawa.

Kuɗin da ya faɗa bai kai na shayi da burodi ba. Na ce ya ƙara mini makulli guda, ya ƙulle shi a leda ya ce in sa a aljihun gaba.

Na wuce Garindau rana ta take. Daga kan gadar Wudil na hango masu ɗiban yashi da kwale-kwale a ƙasa, ruwa ya ja baya ya bar tsibirai. Kara, wato kasuwar shanun, ta cika maƙil, fararen shanu da jajaye masu dogon ƙaho, dillalai suna ciniki hannu cikin hannu. Na samu Juma'a da ƙyar, a sahun waje.

Gwaggo ta aiki yaro ya sayo soyayyen kifi. Tana zuba yaji tana faɗa, wai wane irin rowa ne zai sa mutum ya tako keke daga Kano. Kafin in sa hannu na fita tsakar gida, na juya feda a hankali har makullin ya hau layin sama, na leƙa. Kan yana gaba.