Godiya ga waɗanda suka zauna da ni

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Yau kwana 40 da sallamo ni daga babban asibitin Damagaram, kuma jiya na taka da ƙafata har masallacin unguwa na yi Magariba cikin sahu. Alhamdu lillahi. Shi ya sa na ce ba zan ƙara jinkirta wannan godiya ba.

Da yawanku kun san ni da ɗinki a kasuwar Dole, amma kaɗan ne suka san tun 2015 nake fama da ciwon suga. Na ɓoye shi kamar abin kunya. A bazarar nan ƙusa ta huda min takalmi, na wuni ina taka keken ɗinki ban ji komai ba, sai da dare uwargida ta ga jini. Likita ya bayyana min cewa suga idan ya daɗe sama yakan kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya ji rauni bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa. Ranar da aka kwantar da ni awon sugan jinina ya wuce gram 4, alhali na mai lafiya kafin karin kumallo bai cika wuce 1 ba. Kwana 23 na yi, aka cire min yatsu 2.

Ƙafar ta yi zafi, amma abin da ya fi cin raina yana cikin ƙirji. Shekaru ke nan ina kwana ido biyu ina lissafi: kuɗin insulin (allurar masu ciwon suga), kuɗin awo, makarantar yara, da wanda zai riƙe su idan na faɗi. Azumi ya fi komai yi min ciwo. Gari duka na jiran kiran salla, ni kuwa ina kulle a ɗaki ina cin abinci da rana don kada sugan ya faɗi bayan allura, ina ci ina hawaye. Na daina zuwa fada, wato majalisar da muke hira da shan shayi, na daina amsa waya. Idan an ce "yaya jiki?" sai in ce da sauƙi, a wuce.

Godiyata ta farko ga uwar 'ya'yana. Akwai daren da na ce mata ta bar ni haka nan, na gaji, kada ta ƙara wanke wannan ƙafa. Na ɗauka za ta ce in yi haƙuri, kalmar da na ji har ta daina shiga kunnena. Sai ta zauna a bakin gado ta yi shiru, can ta ce, "Malam, na san ka gaji. Ni ma na gaji. Miƙo ƙafar." Tun da ciwon nan ya same ni, ranar ce aka fara yarda da gajiyata ba tare da an ce imanina ya yi rauni ba. Na yi kuka kamar yaro, na miƙa mata. Kun san yadda ruwa yake a garin nan, amma ba ta taɓa rasa wanda za ta tafasa don ni ba, ko da na girki ne za ta rage. Allah Ya biya ki da Aljanna.

Inna, ki yafe min ɓoyon da na yi miki. Addu'arki ta asuba na gan ta a jikina.

Likitoci da masu jinya da suka yi ta wankin ciwo safe da yamma, na gode. Musamman wadda ta lura ba na cin abinci, ta ja kujera ta tambaye ni abin da ke damuna, ta kuma faɗa min cewa baƙin ciki na daɗewa yakan biyo irin wannan cuta, kuma shi ma ana faɗa wa likita.

Akwai wani dattijo daga Mirya da gadonsa ke kusa da nawa, an yanke masa ƙafa daga gwiwa. Shi ya koya min duba tafin ƙafa da madubi kowane dare, da kakkaɓe takalmi kafin in sa. Yakan ce, "Ɗana, kar ka ɗauki ciwon shekara goma a kai, na yau kawai za ka ɗauka." Baba, idan wani ya karanta maka wannan, ina gaisuwa.

Malaminmu da ya zo har gida ya karanta min ayoyin rangwame ga marar lafiya a Suratul Baƙara, ya ce in ciyar gwargwadon hali in saki raina, Allah Ya ƙara ilimi. Maƙwabcina da ya buɗe min firjinsa lokacin da zafi ya wuce 40, har tulun da muke binnewa cikin jiƙaƙƙen yashi ya kasa sanyaya insulin, na gode. Wanda kuma ya karɓi jika 60 a hannuna ya ce sassaƙensa zai raba ni da allura har abada, na bar shi da Allah. Wata biyu da na ajiye magani saboda shi su suka kai ni nan.

'Yan fadarmu, ban san yadda zan gode muku ba. Da na ƙi fita, ku kuka ɗauko tabarma da gawayi kuka dawo ƙofar gidana. Kuka sayi ƙaramar buta ta daban kuna dafa min shayi ba sukari, ba wanda ya taɓa maganar ciwo sai in ni na ɗauko ta. Hirar ƙwallo da kokawa da kuka yi ta yi a gabana ita ta dawo min da barci.

Ciwon yana nan, allura safe da yamma, kuma har yanzu akwai ranakun da nake tashi zuciya a cunkushe. Amma yanzu ina faɗa.

Yarana na shago sun riƙe aiki ba tare da an rasa ko ƙyalle ba, kuma sun haɗa kuɗi sun sa wa kekena mota don kada in ƙara takawa da ƙarfi. Masu kaya a wurina, na gode da jiran da kuka yi. Ranar Litinin in Allah Ya yarda zan buɗe da kaina.