Burodi da Shayi da Safe, Kasala da Hantsi

Ƙannena, musamman ɗalibai da masu fita aiki da sassafe, ina so ku lura da abin da kuke karya kumallo da shi. A shekarun karatuna kullum nakan tsaya wurin mai shayi in sayi rabin burodi, a cika mini kofi da madara da sukari, amma kafin hantsi ya yi sosai sai idanuna su yi nauyi, malami yana bayani ni kuwa ina gyangyaɗi. Na daɗe ina ɗora laifin a kan rashin barci, har nakan ƙara wani kofin, ban san cewa ina ƙara wa wutar fetur ba ne.

Farin burodi ana yin sa ne da fulawar da aka cire wa dusa, saboda haka abin da ya rage galibinsa sitaci ne, wanda ciki ke narkarwa cikin hanzari ya mayar da shi sukari. A ma'aunin da masana ke auna saurin hauhawar sukari a jini, inda gulukos zalla, wato irin sukarin da ke cikin jini, ke da maki 100, farin burodi yana da kusan 75, wato ya zarce sukarin da ake zubawa a shayi, mai kusan 65. Idan sukarin ya hau da sauri haka, jiki yakan saki sinadarin insulin mai yawa domin ya sauko da shi, kuma bayan awa biyu ko uku sai mutum ya ji kasala da hamma da sabuwar yunwa.

Ban ce ku daina cin burodi ba, domin na san shi ne mai sauƙin samu. Ku dai rage yawansa, ku haɗa shi da ƙwai ko ƙosai ko alale ko dafaffen wake, domin waɗannan suna rage saurin narkewarsa, sannan ku ce wa mai shayi ya sassauta hannu wajen sukari.

Idan kuwa gajiyar tana zuwa tare da yawan ƙishirwa da yawan fitsari, to ku je a gwada muku sukarin jini ba tare da jinkiri ba. Haka nan wanda cikinsa ke kumburi ko yake gudawa duk lokacin da ya ci alkama, ya ga likita, domin kusan mutum 1 cikin 100 jikinsa ba ya karɓar sinadarin gulutin da ke cikinta, kuma hakan yana iya janyo ƙarancin jini.